Fenti mai mai ko fenti mai ruwa: wanne ya dace da tsohon maket ɗin jirgi a Yamai?

Ɗan ƙanwata ne ya shigo mini da kwalaye biyu a farkon Nuwamba, ya dire su kan tabarma yana murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Cikin kayan marigayi kakansa na wajen uba ya gano su, can ƙasan akwatin ƙarfe, kwalin ya yi ja, gefunan sun tsattsage. Maket ɗin jirage ne: ɗaya Noratlas, jirgin dakon kaya, na kamfanin Heller na Faransa, ɗayan kuma Spitfire, ƙaramin jirgin yaƙi, na Airfix na Ingila. Ko ledar ciki ba a taɓa farkewa ba.

"Kawu, wani abokina zai taso daga Faransa ƙarshen wata. Wane fenti zan ce ya riƙo mini?"

Na ce ya zauna tukuna, don tambayar ba ta amsuwa a tsaye. Abin da na gaya masa a ranar, da wanda na ƙara daga baya, shi na tattara a nan saboda duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa.

Ga wanda bai san maket ba: ƙaramin samfurin jirgi ne na roba da ke zuwa gunduwa-gunduwa a jikin rassa, kai za ka yanke, ka goge, ka manna, ka shafa fenti. Mu da muka tashi muna ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara ba baƙon abu ba ne a wurinmu, bambancin kawai shi ne wannan an auna shi daidai da jirgin gaske. Ma'aunin 1/72 na nufin kowane santimita ɗaya a hannunka santimita 72 ne a jikin jirgin. Spitfire mai faɗin fukafukai mita 11 da ɗoriya yakan dawo santimita 15 da rabi, wato ya ɗan ɗara tafin hannu. Noratlas kuwa, mai mita 32 da rabi, yana kai santimita 45, kamu guda ke nan. Ka riƙe wannan bambancin girman a ranka, don shi ne rabin amsar.

Fentin da ake shafa wa maket da buroshi iri biyu ne. Na farko mai mai ne, wanda za ka ga an rubuta Enamel ko Email a jikinsa. Sanannensa shi ne na Humbrol, cikin 'yan ƙananan gwangwanaye masu mililita 14, kowanne da lamba a murfi, kuma Revell ma yana da irinsa. Da wayit-sifirit, wani farin ruwa mai wari dangin kananzir, ake tsinka shi, da shi ake wanke buroshi. Na biyu mai ruwa ne, akirilik: Vallejo na Sifaniya a 'yan kwalaben roba masu ɗigo, Revell Aqua Color a 'yan akwatuna masu kusurwa huɗu. Tamiya na Japan ma akirilik ne, amma tushensa alkol, halinsa daban, zan dawo kansa.

Yadda suke bushewa shi ne tushen duk wani bambanci da ke tsakaninsu. Mai ruwa, ruwan ne kawai yake tashi ya bar launin a manne, don haka cikin 'yan mintuna ya kama. Mai mai sai ya sha iska a hankali kafin ya taurare: bayan sa'a ɗaya ko biyu yatsa ba ya ɗaukar sa, amma sai ka jira aƙalla sa'o'i shida kafin ka ƙara shafi na biyu, mai ƙyalli kuma kwana guda cur, taurin gaske sai bayan kwanaki. A Turai wannan jinkirin alheri ne. Fentin yana samun lokacin kwanciya ya baje da kansa, sawun gashin buroshi ya ɓace, fuffuke ya fito sumul kamar an fesa. Idan maganar kyan shafi da buroshi kawai ake yi, ba na jayayya: mai mai ya fi.

Sai dai mu ba a Turai muke ba.

Maket ɗina na uku, wani ɗan jirgin yaƙi ne, na shafa masa fenti mai mai da la'asar a tsakiyar Janairu. Aikin ya yi kyau har na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi. Na ɗora shi kan kabad, na tafi magariba, na dawo na kwanta. Da safe na ɗauko shi zuwa bakin taga, sai na ga fuffuken ya zama kamar samfefa. Ƙurar hunturu, wadda ba ta neman izini kafin ta shigo ɗaki, ta sauka a kai duk dare ta nutse cikin fentin tun yana ɗanye. Hurawa ba ta fid da ita, gogewa ba ta fid da ita. Sai da na jira mako guda na kankare na sake daga farko. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk abin da zai yi sa'o'i a jiƙe cikin ɗakin Yamai to ya zama tarkon ƙura. Kana iya cewa ka rufe taga. To, wayit-sifirit a rufaffen ɗaki ciwon kai ne, kuma uwargida ba za ta bari a kai ko'ina ba. Ka buɗe, ƙura; ka rufe, wari. Gaba kura baya siyaki.

Akwai dabara, ba ta da tsada: babbar robar ajiye abinci mai murfi, ko kwandon roba da aka lulluɓe da tsohon mayafi mai laushi. Da ka gama shafi ka kifa, ka bar 'yar kafa ta ƙasa don iska, tunda fentin yana buƙatarta. Ga Spitfire wannan ya wadatar. Ga Noratlas mai kamu guda, da jeloli biyu a baya, sai ka nemi kwalin talabijin, kuma duk buɗewa da rufewa ƙura na samun rabonta.

Mai ruwa ya tsere wa wannan matsalar, don kafin ƙura ta yi shawara ya riga ya bushe. Amma shi ma ƙasar nan tana da abin da take yi masa. A Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska ta bushe ƙamas, akirilik yakan bushe a bakin buroshi tun kafin ka kai shi jikin jirgi. Ka ja layi ɗaya, ka dawo ka ja na biyu kusa da shi, na farkon ya riga ya kama, sai buroshin ya tattaro shi ya yi gudaji. Wanda bai sani ba sai ya ƙara lafta fenti don ya rufe, nan ne aikin ke lalacewa gaba ɗaya. Maganinsa uku ne, kuma sai an haɗa su. Ka tsinka shi da ruwa mai tsabta har ya yi kaurin madarar shanu. Ka yi masa shimfiɗa mai laima: murfin roba, a sa jiƙaƙƙen soso ko tsumma, a ɗora takardar gashin kek a kai, a ɗiga fentin a nan, zai yi sa'o'i bai bushe ba. Sannan ka zaɓi lokaci. Ni bayan sallar asuba nake yi, kafin rana ta ɗaga, fanka a kashe. Akwai ruwan jinkirta bushewa da kamfanonin ke sayarwa, yana da kyau a sa shi cikin saƙo. In babu, ɗan mitsitsin giliserin da muke shafawa a hunturu yana taimakawa, amma a bakin tsinke, in ya yi yawa fentin zai kwana yana danƙo.

Kuma sai ka yi haƙuri da shafin farko. Muni gare shi, roba na leƙowa ta ko'ina, kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa da tsintsiya. Kada ka taɓa. Na biyu zai fi, na uku ya rufe. Shafi uku na mai ruwa suna ƙarewa a safiya ɗaya, alhali shafi biyu na mai mai kan ci wuni guda, mai ƙyalli kuma kwana biyu.

Yanzu ga abin da ya shafi tsufan maket ɗin kansa, wanda mutane ke mantawa. Airfix ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, a 1953, Heller kuma an kafa shi a 1957, ya fara da jirgin fasinja Caravelle. Maket ɗin waɗancan shekaru har zuwa na 1970 da 1980 galibinsu layukan jikinsu a tashe suke, kamar siririn zare da aka shimfiɗa kan roba, ƙusoshin ma 'yan ƙuraje ne a sama. Na zamani layukan a tone suke. Wannan yana da tasiri biyu. Na farko, duk inda ka goge mahaɗar ɓari biyu na gangar jirgi da samfefa, layukan wurin sun tafi. Ana iya mayar da su: ka ɗauki guntun reshen robar, ka ɗumama shi sama da kyandir har ya yi laushi, ka ja shi ya zama zare, ka manna. Na biyu, fenti mai kauri yana binne su. A nan mai mai yana da ɗan haɗari ga sabon hannu, don yana rufewa da shafi ɗaya, sai mutum ya ji daɗi ya lafta. Amma a wani gefen shi ya fi iya fito da irin waɗannan layukan: ka tsoma buroshi cikin launi mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa sama-sama, sai layukan da ƙusoshin su ɗauki haske. Da akirilik ma ana yi, sai dai yana bushewa da wuri ya bar gari-gari. Ni kan yi amfani da fensir mai laushi in bi layukan, ya fi sauƙi.

Kama jiki kuma, mai mai ba shi da abokin gasa. Yana ɗan cizon robar ya riƙe ta gam. Mai ruwa kwanciya kawai yake yi a sama, in robar tana da maiƙo sai ya tattare ya yi ɗigo-ɗigo, in ya bushe kuma farce na iya kwaɓe shi, tef ɗin rufe gefe ma na iya ɗago shi. Tsohuwar roba da ta yi shekaru a leda sai an wanke ta da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, a shanya a inuwa. Na ce a inuwa. Ranar Yamai tana lanƙwasa siririn fuffuke, haka ma barin kwali cikin rufaffiyar mota. Bayan wanki, mai ruwa yana buƙatar fentin share fage, toka-toka, shafi ɗaya siriri. Wannan shimfiɗar tana da wani amfani: ita ke tona asirin duk wata ɓaraka da ka zaci ka toshe da mastik, wato kwaɓin cike rami. Tsofaffin maket kuwa ba su rasa ɓaraka, musamman inda fuffuke ya haɗu da ganga.

Akwai launuka biyu da suke karya duk wannan lissafin: azurfa da fari. Jiragen dakon kaya na zamanin Noratlas da yawa gangarsu launin alminiyam ce tsirara, wasu da farin rufi a sama. Azurfa ta akirilik da buroshi a kan fili mai faɗi wahala ce, ƙwayoyin ƙarfen ba su kwanciya daidai, duk inda buroshi ya bi sai ya nuna. Lamba 11 da lamba 56 na Humbrol, azurfa da alminiyam, sun fi biyayya ga buroshi nesa ba kusa ba. Fari kuma a kowane iri azaba ne, amma a mai ruwa kana iya kai shafi biyar kafin ya rufe. Spitfire ɗin yaron ba shi da wannan damuwa: ruwan ƙasa da kore mai duhu a sama, lamba 29 da 30 a lissafin Humbrol, launuka ne marasa ƙyalli da akirilik ke yi cikin sauƙi. In takardar da ke cikin kwalinka ta fi tsufa, kana iya ganin lambobi masu farawa da M ko G, tsohon lissafin Airfix ne, M maras ƙyalli, G mai ƙyalli. Kada ka damu da lambar, ka bi sunan launin, akwai jadawalin musanya a intanet.

To amma duk wannan magana ce ta wanda fentin ke gabansa. Mu a nan tambaya ta farko ita ce: ta yaya zai iso? Fenti mai mai yana kama wuta, kamfanonin jiragen sama ba su yarda a sa shi cikin kaya ba, na hannu ko na ƙasa. Ka ce wa abokinka ya riƙo gwangwani goma, ka jawo masa tsayuwa a filin jirgi, a ƙarshe a zubar. Tamiya ma da alamar wuta a kwalbarsa saboda alkol ɗin. Vallejo da Aqua Color, masu ruwa zalla, ba su da wannan alamar, a naɗe su cikin leda a cusa tsakanin tufafi su sauka a filin jirgin Diori Hamani lafiya lau. Kowace kwalba 'yan euro kaɗan ce, euro ɗaya kuma kusan sefa 656, don haka ba a odar launi ashirin, a zaɓi shida ko bakwai a koyi garwayawa.

A gefe guda, kayan aikin mai mai suna nan a gida. Wayit-sifirit ba ya wuya a shagunan kayan gini na kasuwar Katako. Har fentin ƙarfe mai mai na ƙananan gwangwanaye da ake shafa wa ƙofa danginsa ne, in an tsinka shi sosai yana yi wa baƙin taya da farfela, kodayake garinsa bai kai laushin na maket ba. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya, kuma da hannuna na koya: diliwan, ruwan da masu fentin mota ke tsinka fenti da shi, ba wayit-sifirit ba ne. Wani mai shago ya taɓa ba ni shi a kwalbar ruwa ya ce ai duk ɗaya ne. Ina shafawa fuffuken ya yi laushi, ya yamutse kamar fatar tsohuwa, layukan suka narke ina kallo. Duk ruwan da ba ka sani ba, ka gwada shi a guntun reshen roba tukuna. Akirilik na bututu da ake samu a shagunan kayan lakkol kuwa na zanen allo ne, yana yi a cikin ɗakin matuƙi ko wurin da ido ba ya kai wa sosai, amma a kan fuffuke ba ya kwanciya.

Ajiya: gwangwanin mai mai in bakinsa ya yi datti murfin ba ya zama daidai, zafin bazara ɗaya ya isa ya mayar da shi dutse. Ka goge baki kafin ka rufe, kuma ka juya shi da tsinke minti biyu ko uku kafin kowane aiki, don launin na kwanciya a ƙasa. Kwalbar ɗigo ta fi jure zafinmu saboda iska ba ta shiga sosai. Gyaran kuskure ma mai ruwa ya fi sauƙi, alkol na farmasi da auduga suna ɗauke shi. Alkol ɗin nan yana tsinka Tamiya, amma kada ka zuba shi cikin Vallejo, zai dunƙule. Mai mai da ya taurare sai an jiƙa shi da man birki ko maganin wanke murhu, aiki ne na safar hannu da tsakar gida.

Bindigar feshi ban ba yaron shawararta ba. Tana son kwamfireso, tana son wutar lantarki da ba ta yankewa a tsakiyar fuffuke, kuma a busasshiyar iskarmu fentin kan bushe tun yana hanya ya sauka kamar yashi. Wannan sai hannu ya faɗa.

Tamburan da ake jiƙawa a ruwa a manna, su ne suka fi komai jin tsufa. Na Noratlas ɗin sun yi rawaya. Manna takardar a jikin gilashin taga tana kallon rana yana rage rawayar, amma ranarmu ba ta wasa, ka dinga dubawa kullum. Kafin ka jiƙa babba, ka gwada wanda ba ka buƙata. In ya farfashe cikin ruwa kamar ɓawon ƙwai, sai ka shafa wa sauran berni mai ƙyalli, wato shafin kariya maras launi, shafi biyu, ka yanke kowanne dab da gefensa. Kuma tambari ba ya zama da kyau a kan fenti maras ƙyalli, iska na maƙalewa ƙarƙashinsa ya yi fari-fari, don haka ko wane fenti ka zaɓa sai ka sa berni mai ƙyalli kafin tambura, maras ƙyalli bayansu. Berni mai ruwa ya fi a nan, mai mai yakan yi rawaya da shekaru, a kan fari abin yana fitowa fili. Sojojin saman Nijar sun yi aiki da Noratlas a da, kuma yaron ya riga ya ƙudurta cewa nasa launukan tutarmu zai ɗauka, ruwan lemo da fari da tsanwa. Tunda babu su a kwalin, sai an zana da hannu, abin da ya fi sauƙi da fentin da ke bushewa nan take.

Ga inda na tsaya. Wanda ke Yamai, buroshi ne kayan aikinsa, fentinsa kuma ta hannun matafiyi zai zo, ya ɗauki mai ruwa, ya haɗa da fentin share fage da berni iri biyu da ruwan jinkirtawa. Zai sha wahalar koyon tsinkawa na mako ɗaya ko biyu, daga nan ya huta da ƙura da wari da jira. Mai mai na wanda ya riga ya mallaki gwangwanayen ne, ko ya samu ta hanyar ƙasa, yana da rumfa ko shago nesa da ɗakin kwana da murhu, kuma jirginsa ƙarami ne da zai shiga roba mai murfi. In gangar azurfa kake so a kan babban jirgi, nan kam ka nemi mai mai ko da gwangwani biyu ne, ka bari sai damina ta kwantar da ƙura, ka ba shi kwanakinsa. Ana iya haɗa su a jirgi ɗaya: mai ruwa yana hawa kan mai mai in ya taurare sarai, ba kafin nan ba.

Yaron ya so ya fara da Noratlas, babba ai ya fi burgewa. Na hana. Jirgi ne mai taya a hanci, nauyinsa duk a baya, in ba ka cusa darmar masunta ko noti a gaba kafin ka rufe gangar ba zai zauna kan jelarsa hanci sama, ga tagogi birjik da ba a manna su da gam mai saurin kamawa don yana sa su hazo, sai farin gam na kafinta. Wannan ba aikin farko ba ne.

"To Kawu, in na ɓata ƙaramin fa?"

"Alkol na nan a farmasi, ɗana. Ka wanke ka sake."

Saƙon da ya tura wa abokin ta WhatsApp kwalba takwas ne da buroshi uku, mai faɗi ɗaya, sirara biyu. Kayan sun iso makon farko na Disamba, hazo ya riga ya rufe gadar Kennedy. Ya fara da cikin Spitfire ɗin bayan asuba, a teburina, da murfin robar man shanu a matsayin shimfiɗa. Da ya ga shafin farko ya ɗago kai ya dube ni, buroshin na hannunsa yana shirin komawa kan wurin. Na riƙe masa wuyan hannu, na ce ya je ya dafa mana shayi. Noratlas ɗin yana saman kabad cikin kwalinsa, mun ajiye shi sai Agusta.